Shekarar Jaririn Tsumma

Duk lokacin da na ji ƙanshin ruwan rake yana tafasa, sai gabana ya faɗi, kamar wadda aka kira sunanta a gaban jama'a. Kwanan baya na bi hanyar Makarfi a mota, muka wuce inda ake dafa mazarƙwaila a gefen titi. 'Yan cikin motar suna ta roƙon direba ya tsaya su saya, ni kuwa na juya fuskata wajen taga. A ƙauyenmu saran rake da Kirsimeti tare suke zuwa, shi ya sa ƙanshinsu ya zama ɗaya a hancina. Akwai kuma wata Kirsimeti guda da har yau ban gama haɗiye ta ba.

Ƙauyenmu ƙarami ne, can bayan Gubuchi. Hausawa ne mu, kakanninmu Maguzawa, a zamanin iyayenmu aka karɓi bishara. Ƙauyukan da suke kewaye da mu na Musulmi ne. Fadama ɗaya muke noma, kasuwa ɗaya muke ci, su aiko mana da naman layya, mu aika musu da shinkafar Kirsimeti. Majami'armu ginin ƙasa ce da rufin kwano, ƙararrawarta tsohon ƙarfen tayar mota ne da aka rataye a jikin bishiyar darbejiya. In ka shiga, dattawa suna gaba, maza a dama, mata a hagu. Can baya kuma, dab da ƙofa, inda ake jingine laima da sanduna, akwai wani benci guda da ba mai son zama a kansa. Wanda ya yi laifin da ya fito fili, ikilisiya takan sa shi a ƙarƙashin horo. Ba ya waƙa, ba ya cin jibin Ubangiji, wato gurasar tarayya da ake rabawa a sujada, ba ya zama cikin 'yan'uwa sai a wannan bencin, har ranar da dattawa suka ga ya tuba. Mu yara ko da wasa ba ma taɓa shi.

Babanmu dattijon ikilisiya ne, kuma shi ne mai karatu. Da girmansa ya koyi boko, amma in ya buɗe Littafi ya fara karantawa, har jarirai sukan yi shiru. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, ba ya kuma maimaita magana. In uwa tana faɗa da 'yarta a ƙauyen, da gidanmu take misali. Ni kuma na tashi ina jin wannan suna a jikina kamar sabon zane.

Kowace Kirsimeti, bayan wa'azi, yara sukan yi wasan haihuwar Yesu. A shigo da tumaki na gaske, makiyaya su riƙe sandunan iyayensu, masanan gabas su sha manyan riguna suna jan su a ƙasa. A kawo komin itace da ake zuba wa dabbobi dusa, a wanke shi, a shimfiɗa harawa. Abin da kowa yake jira shi ne jaririn. Ba ma yi da 'yar tsana. Jaririn da aka haifa na ƙarshe a ƙauyen, namiji ne ko mace, shi ake kwantarwa a komin, uwarsa kuma ta yi ta yanga har shekara ta zagayo. An ce ni ma an taɓa kwantar da ni a ciki, na yi ta tsala ihu har wata tunkiya ta firgita. Maryamu mahaifiyar Yesu kuwa, tun da na yi wayo, Yayata ce take fitowa a matsayinta. Tana da wani shuɗin mayafi da take ajiyewa a ƙasan akwati don wannan ranar kaɗai, muryarta kuma in ta ɗauki waƙa har masu wucewa a hanya sukan tsaya.

A shekarar da nake ba ka labari, ana cikin noman fari, Inna ta lura da Yaya. Ban san me suka ce wa juna a ɗaki ba, na dai ga Inna ta fito ta zauna a kan turmi, hannu biyu a ka, tuwo yana ƙonewa a murhu ba ta tashi ba. Yaron da ya yi mata cikin shi ne mai kaɗa gangar mawaƙa. Kafin dattawa su kira shi, ya bi motar dabbobi ya yi Kudu. Iyayensa suka ce ba su san zancen ba.

Ranar Lahadin da aka sanar, Yaya ta tsaya ita kaɗai a gaban ikilisiya, kanta a ƙasa, ta faɗi abin da aka ce ta faɗa. Daga nan ta taka tun daga gaba har bencin baya, ana bin ta da ido. Kafin ta zauna, Baba ya miƙe daga cikin dattawa. Ya ce mutumin da gidansa ya gagare shi bai kamata ya zauna a gaban gidan Allah ba. Ya ɗauki hularsa ya koma cikin sauran maza. Ina zaune a cikin yara, na ji kunnuwana suna zafi, na yi ta kallon yatsun ƙafata. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Daga ranar Baba bai sake yi wa Yaya magana ba. Bai zage ta ba, bai ɗaga mata hannu ba, da ma ya yi hakan da ya fi sauƙi. In ta durƙusa ta gaishe shi da safe, sai ya ci gaba da wasa fartanyarsa. Ta tattara kayanta ta koma ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba, can ƙarshen gida kusa da turken awaki. Muka ji ta bakin Inna cewa ya yanke magana: in ta haihu ta gama wanka, za a kai ta wajen Gwaggo a Taba, ita da abin da ta haifa, kuma ba za a yi suna a gidansa ba.

Ni a lokacin ban kai shekara goma sha biyu ba, amma na san kunya kamar yadda na san yunwa. A bakin rijiya, in na iso sai hira ta tsaya. A hanyar makaranta 'yan mata suka ƙirƙiro wata waƙar habaici a kan gangar da ta yi kiɗa ta gudu, ba su ambaci sunan kowa ba, ba sa ma bukata. Na koma zuwa ɗiban ruwa da tsakar rana, lokacin da ba kowa. Ran Lahadi in riga Yaya fita, don kada a gan mu tare a hanya. Ba ta taɓa tambayata dalili ba.

Ta haihu ana girbin dawa, da hantsi, maza duk suna gona. Namiji ne. A wajenmu in an sauka lafiya, guɗa ce take sanar da ƙauye, mata su yi ta shigowa barka. Ranar nan ungozoma ta wanke hannunta ta fita ta ƙofar baya, ba a ji komai ba sai kukan jaririn da na awaki. Inna ta dafa ruwan wanka, ta dama kunun kanwa, duk cikin shiru, kamar gidan da aka yi rasuwa. Ranar suna ta zo ta wuce. Kaka ce ta gaji da cewa "yaron nan", ta fara kiran shi Baƙo.

Mutum na farko da ya yi wa Baba barka ba ɗan ikilisiyarmu ba ne. Wani dattijo ne Musulmi da gonar rakensa take jingine da tamu. Na kai wa Baba abinci fadama, na tarar sun zauna a inuwa. Bayan sun gama gaisawa, sun tambayi gida da gajiya da sanyi, sai dattijon ya ce, "Ashe an samu ƙaruwa. Allah ya raya, ya sa mai jin ƙanku ne." Da zuciya ɗaya ya faɗa. Baba ya ɗauki wani guntun rake yana ta juya shi a hannu, da ƙyar ya ce, "Amin." Ban taɓa ganin shi ya rasa inda zai sa idonsa ba sai ranar. Abincin ma bai ci ba.

Yaya ta yi arba'in ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti. Inna ta roƙi Baba a bari biki ya wuce kafin a tafi da ita, ya yi shiru, muka ɗauka ya yarda. A cikin kwanakin nan matar mai bishara, wato malamin majami'armu, wadda take koya mana wasan, ta kira ni gefe ta ce ni zan fito a matsayin Maryamu, tunda ni kaɗai na haddace maganganun saboda yawan jin su a bakin Yaya. Wasu iyaye mata suka yi gunaguni, na ji wata tana cewa, "Daga gidan nan kuma?" Amma babbar maganar ba a kaina take ba. Tun da Yaya ta haihu ba a sake haihuwa a ƙauyen ba. Kowa ya san jaririn da al'ada ta nuna. Dattawa suka zauna, suka aiko da cewa bana a yi da tsumma. Sai matar mai bishara ta samo guntun itace, ta naɗe shi da tsofaffin zannuwa, ta miƙo min ba ta kalle ni ba.

Da yammacin jajibere Yaya ta kira ni ɗakin Kaka. Ta fito da shuɗin mayafin, ta karkaɗe shi, ta yafa min, ta gyara shi a goshina yadda take yi wa kanta. Ta ce in nuna mata yadda zan riƙe jaririn. Na rungumo tsumman kamar ƙullin wanki. Ta yi 'yar dariya, karon farko da na ji dariyarta tun damina.

"Ba haka ake yi ba. Ajiye wannan, zo ki gwada da na gaske."

Tun da aka haife shi ban taɓa ɗaukarsa ba. Ta ɗora min shi, ta sa tafin hannuna a ƙarƙashin ƙeyarsa. Yana da ɗumi, yana da nauyi fiye da yadda na zata, yana ƙanshin nono da hayaƙi. Ya buɗe ido ya kalle ni, ya kama bakin mayafin ya riƙe gam.

"Gobe ki tallafi kan haka," in ji ta. "Ko tsumma ne, mutane suna kallo."

Ranar Kirsimeti majami'a ta cika har waje. 'Yan'uwa sun zo daga Zariya da Kaduna da sababbin kaya, matan zumunta sun sha anko suna buga tulu, yaran maƙwabtanmu sun yi cincirindo a tagogi suna leƙe. Yaya ta shigo a ƙarshe da goyonta, ta zauna a bencinta. Mai bishara mura ta shaƙe masa murya, da ƙyar ya gama wa'azi, sai ya aika a roƙi Baba ya yi karatun da ake yi bayan wasa. Baba ya ƙi, aka sake aikawa, ya karɓi Littafin.

Wasan ya tafi daidai. Mala'ika ya zo da fukafukansa na kwali, na faɗi maganganuna ban yi kuskure ba, mai masauki ya kore mu ni da yaron da ya fito a matsayin Yusufu, mutane suka yi ta dariya da yadda ya murtuke fuska. Na durƙusa, na tallafi kan tsumman yadda aka koya min, na kwantar da shi a kan harawa. Majami'a ta yi tsit, don a nan ne kullum jaririn yakan motsa, mata su yi guɗa. Tsumma bai motsa ba. Sai daga can baya Baƙo ya callara kuka.

Wani ƙaramin yaro cikin makiyaya, wanda bai san komai ba, ya nuna da sandarsa ya ce da ƙarfi, "Ga na gasken can a baya!"

Yara suka fashe da dariya. Uwarsa ta daka masa tsawa daga cikin mata. Manya kuwa ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya waiga. Yaya ta miƙe za ta fita da shi, amma ƙofa ta toshe da mutane, sai ta koma ta zauna tana jijjiga shi, shi kuma yana ƙara ƙarfin kukan. Ni ina durƙushe a gaban kowa, hannuna a kan guntun itace. Na ja mayafin na rufe fuskata.

A al'adarmu 'yan wasa ba sa tashi sai an gama karatu. Baba ya fito ya tsaya kusa da komin, ƙafarsa dab da gwiwata. Ya fara karantawa a kan kukan yaron. Ya zo wurin da aka ce Yusufu ya gane yarinyar da zai aura tana da ciki, ya kuma san ba nasa ba ne, amma saboda shi mutumin kirki ne ya ƙi ya tona mata asiri a gaban mutane. A nan Baba ya tsaya. Na ɗaga ido ta ƙarƙashin mayafi na dube shi. Mutumin da ba ya maimaita magana ya koma ya sake karanta wurin, a hankali, kamar mai koyon karatu. Daga nan ya ƙarasa sauran da wata murya da ban san shi da ita ba.

Ya rufe Littafin ya miƙa wa mai bishara. Maimakon ya juya dama wajen maza, sai ya bi tsakiyar majami'a ya miƙe. Ana jin ƙarar takalminsa. Ya je har bencin baya ya zauna kusa da Yaya. Can ya miƙa hannu ya karɓi yaron, ya ɗora shi a kafaɗa yana bubbuga bayansa. Yaron bai yi shiru nan da nan ba, har ma ya jiƙe masa sabuwar rigarsa. A haka aka yi addu'ar rufewa.

Kada ka ɗauka na ji daɗi. Abin da na ji a lokacin shi ne Baba ya ƙara mana wani abin kunyar a kan wanda muke da shi. Ubanmu, a bencin masu horo, a gaban baƙi! Da aka tashi na cire mayafin na bi ta bayan gidaje na gudu, ko shinkafa ban iya ci ba.

Da la'asar wani dattijon ikilisiya, abokin Baba tun suna samari, ya zo zaure. Na kai musu ruwa na laɓe a bayan zana. Bayan gaisuwa ya ce abin da Baba ya yi zai sa yara su raina horo. Ya ce, "Kada ka haɗa su. Maryamu ba ta yi laifi ba. 'Yarka ta yi."

Baba ya ce, "Na sani. Ban ce ba ta yi ba, ban kuma ce ku ɗage mata horon ba. Amma shi yaron da muke wa biki yau, don wa ya zo? In don marasa laifi ne, da bai sha wahalar tafiya ba. Shekara da shekaru ina karanta muku wurin nan, ban taɓa jin sa ba sai yau. Yusufun nan, ba 'yarsa ba ce, ya rufa mata asiri. Ni tawa ce."

Abokin nasa bai gamsu ba, ya tafi yana girgiza kai, kuma akwai gidajen da ba su aiko mana da abinci ba a bikin nan. Amma ba a kai Yaya Taba ba. Kafin sabuwar shekara Baba ya kira mai bishara, aka yi addu'a a tsakar gida, aka raɗa wa yaron suna, Kaka ta rangaɗa guɗar da ta riƙe tun girbin dawa. Horon bai ƙare ba sai bayan bikin Ista, kuma duk Lahadin da ta zo a tsakani, a bencin baya Baba ya yi sujada. Bai sake komawa cikin dattawa ba har ya bar duniya. Yaya ma ba ta sake ɗaukar waƙa a gaban jama'a ba. Daga baya ta auri wani mutum mai haƙuri a wajen Nasarawan Doya. Yaron a gidanmu ya girma, shi yake noma fadamar Baba yanzu, har yau kuma tsofaffi Baƙo suke ce masa.

Yanzu ina zaune a birni. Majami'armu tana da tayil da fanka da janareta, in Kirsimeti ta zo a yi mata ado da fitilu masu walƙiya. Jaririn da muke kwantarwa a komi na roba ne, mai kyau, ba ya kuka, ba ya jiƙa wa kowa riga. Komin ma kafinta ne ya yi shi, dabba ba ta taɓa cin dusa a ciki ba. Bencin baya kuwa yana nan, ko da yake yanzu kujera ce ta roba, kuma har yau na fi ganin 'yan mata a kanta su kaɗai. Ina zama a gaba cikin matan zumunta da ankona, ina jin labarin nan kowace shekara: Allah bai jira an share gida ba, bai nemi gidan da ake misali da shi ba, ya shigo ta inda ake tsegumi da wari da rashin wuri. Kunyar da na ji ina yarinya ba ta bar ni ba, wuri kawai ta sauya. A da Yaya nake jin kunya. Yanzu in na tuna ikilisiya guda, da ni a tsakiyarta, mun durƙusa wa guntun itace alhali ɗa mai rai yana kuka a bayanmu, sai in rasa inda zan sa fuskata.

Bara na je gaishe da Yaya. Ta tsufa, idonta ya fara rauni, muna zaune tana ɓarar gyaɗa. Na daɗe ina so in yi mata wata tambaya, ranar dai na daure. Na ce, lokacin da Baba ya zo wajenta a gaban mutanen nan, bayan watannin da ya yi bai ce mata uffan ba, wace magana ya fara yi mata? Na ɗauka za ta ce ya yafe mata, ko ya kawo mata wata aya.

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, ta yi murmushi.

"Cewa ya yi, 'Matsa min.'"